An Sha Gahawa a Gidan Abu Nasri

Aikina shiga tsakani ne. Idan manajoji biyu suka saɓa a kamfani har abin ya fara taɓa aiki, mai wurin kan kira ofishinmu da ke Amman, a tura ɗayanmu. Ba ma yanke hukunci, ba ma cewa wane ke da gaskiya. Sauraro muke yi, mu kai magana mu dawo da magana, har su biyun su sami abin da za su iya zama a kansa. Lokacin da aka tura ni Zarka ban daɗe da komawa aiki ba bayan haihuwar 'yata Tala, ko yaye ta ban yi ba.

Kamfanin na alawar riɗi ne, mallakin Alhaji Rizik. Ya tarbe ni a ofishinsa yana jan carbi, ya ce, "Malama Lubna, hannuna na dama da na hagu ne suka daina gaisawa. Ki daidaita min su, ba na son rasa ko ɗaya."

Na daman shi ne Abu Haisam, manajan sito, dattijon da ya haura sittin, suna tare da Alhaji tun suna soya riɗi a kasko ɗaya. Na hagun kuwa Maisun ce, manajar sashen da ake dafa alawar a ƙunshe ta, yawancin ma'aikatanta mata ne. Abin faɗan ɗaki ne guda, a ƙasa, kusa da ƙofar shiga. Da can sito ne, Maisun ta roƙi Alhaji aka mai da shi ɗakin raino, inda mata ke ajiye ƙananan 'ya'yansu su shiga aiki. Yanzu kasuwa ta buɗe, riɗi ya yi yawa, Abu Haisam yana son ɗakinsa.

Ranar da ya turo leburori da buhuna za su fara jibgewa a ciki, Maisun ta kawo motarta ta tare ƙofar, ta jefa makullin a jaka ta hau sama. Da ta sauko, a gaban ma'aikata maza da mata, ya ce mata in raino take sha'awa ta nemi miji ta haifi nata. Maisun ta doshi arba'in, ba ta taɓa aure ba. Tun ranar ba su ƙara magana ba. Ita takan aika masa saƙo ta bakin direba, shi kuma ya riƙa jan ƙafa wajen fitar da riɗi har injuna su tsaya ana jira.

Da shi na fara, don shi ne babba.

"Ke ce likitar da aka kawo mana?" ya ce. "To ni lafiyata ƙalau, 'yata. Mara lafiyar tana sama." Ya yanko min alawa ya miƙo a bakin wuƙa.

"Kawu, in na ci taka sai na ci tata, ga shi har yau kayan da nake sawa kafin haihuwa ba su shige ni ba."

Ya yi dariya, ya ja ni farfajiya, ya ɗaga tamfal ɗin da aka rufe buhunan riɗi da shi. "Sa hannu. Sa mana, ba ya cizo." Riɗin ya dunƙule ya yi baƙi, yana warin funfuna. "Ruwan saman da aka yi lokacin sanyin bara ne ya yi wannan. Wa aka zaga? Ni. Alhaji ya ce tsufa ya fara kama ni. Ni da ban taɓa ɓatar masa da ƙwaya ɗaya ba! Ina da ɗaki busasshe, an cika shi da 'yan tsana da kwalaben madara, kayana na ruɓewa a waje. Ni maƙiyin yara ne? Jikokina sun fi ƙarfin falona."

Yana da gaskiyarsa, na kuma gaya masa na ji ta.

Maisun ba ta bari na zauna ba. "Ajiye jakar. Zo ki ga abin da ake faɗa a kai, kafin ki fara min tambayoyin nan naku na ya kike ji a ranki."

Da muka shiga ɗakin sai na durƙusa, kamar yadda nake yi a duk inda zan ajiye Tala, don in ga wurin da idon mai rarrafe. An toshe kowane soket. An naɗe kusurwar tebur da soso. Tagogi biyu, rana na shigowa, ba ƙarar inji. Wata dattijuwa na jijjiga jariri, a gefe kuma wata ma'aikaciya mai suna Ihlas, da hular aiki a kanta, tana shayar da ɗanta tana satar kallon agogo. Wani ya fara kuka, sai na ji nonona ya kawo. Na gyara mayafi na miƙe.

"Ashe shayarwa kike," in ji Maisun.

"Ina yi. Amma ni a nan ba ta kowa ba ce."

"Na sani. An gaya min ke sikeli ce." Ta nuna Ihlas da haɓa. "Wannan danginta suna can kudu, a Ma'an. Mijinta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya kan a gida. In aka rufe ɗakin nan ina za ta kai yaron? Ɗora wannan a sikelin."

"Ba a ce za a rufe ba. Abu Haisam ya ce a mai da su ɗakin baya."

"Kin je ɗakin bayan?"

Na je. Bango ɗaya ne tsakaninsa da tanderun da ake soya riɗi. Na ɗora tafin hannuna a bangon na janye. Ƙurar ɓawon riɗi ta kwanta a kan taga kamar gari, ƙarar inji kuwa har a haƙora ake jin ta. Ko takalmin Tala ba zan ajiye a wurin ba. Ban faɗi haka ba. Cewa na yi na gani.

Na yi makonni ina hawa ina sauka tsakanin sito da ofishin Maisun. Abin da na gano shi ne Abu Haisam ba ɗakin ne a ransa ba, busasshen wuri yake so, da kuma a daina cewa ya tsufa. Ita kuwa Maisun ba ruwanta da inda riɗi zai kwana. Sai na kawo shawarar kwantena, irin ta jirgin ruwa, a ɗora ta kan bulo a farfajiya, makullinta a hannun Abu Haisam shi kaɗai. Ya zagaya wurin yana aunawa da ƙafa, ya ce, "Ba laifi, kanki na ja, 'yata." Maisun ta ce ita da kanta za ta share wurin in ana so. Alhaji ne kawai ya ɓata fuska da ya ji kuɗin, amma ya ce, "Mu gani. Su gama shiryawa tukuna."

Sai zagin ya rage.

"Inda ya faɗa, nan zai janye," in ji Maisun. "A bakin ƙofar, gaban waɗanda suka ji."

"Ni?" in ji Abu Haisam da na kai masa. "Da furfurar nan in tsaya gaban leburorina in ce wa 'yar cikina ta yi haƙuri? Gobe wa zai ɗaga min buhu in na yi magana?" Ya shafa gashin baki. "Amma na san na yi ɓarin baki. Zan yi abin da ya fi wannan. Zan ɗauki dattawa, Alhaji a gaba, mu je har gidan mahaifinta mu ba da haƙuri, kamar yadda 'ya'yan mutunci ke yi."

Na ji daɗi ƙwarai. Ba ƙaramin abu ba ne namiji irinsa ya taka da tawaga zuwa gidan wanda ya ɓata wa. Na hau sama da saurina.

Maisun ta ajiye biro ta dube ni. "Me ya haɗa babana da aikina?"

"Girmamawa ce. Duk kamfanin nan zai ji ya je har gida."

"Lubna, babana mutum ne da in baƙo ya yabi rigarsa sai ya tuɓe ya ba shi. Ki bar maganar nan a nan inda aka haife ta."

Na ba ta dalilai, masu kyau kuwa, aikina ke nan. Na ce in ta ƙi, ita za a ce ta ƙi sulhu. Na ce ɗakin yara ya riga ya tsira, wannan cikon ladabi ne kawai. Na ce ni ma zan zo. Daga ƙarshe ta ce, "To. Don yaran."

Ranar Juma'a bayan la'asar muka hallara a Rusaifa, garin da iyayen Maisun suke. Mahaifinta, Abu Nasri, tsohon direban bas ne, ƙofar gidansa ba ta taɓa ganin motoci irin waɗannan ba. Ya aro kujeru daga maƙwabta, ya sa kwat ɗin da ya aurar da ɗansa da ita. Mu mata muna ɗakin ciki, ni da Maisun da mahaifiyarta. An bar ƙofa a ɗan buɗe, muna hango rabin falon.

Nasri, yayan Maisun, ya zuba gahawa ya miƙa wa Alhaji finjalin farko. Alhaji ya karɓa ya ajiye a kan tebur, bai kurɓa ba. Wanda ya zo da buƙata ba ya shan gahawar gida sai an biya masa ita, kuma gahawa ta huce a gaban baƙo abin kunya ne ga mai gida. Yadda aka saba, baƙo ya faɗi abin da ya kawo shi, mai gida ya auna, sannan ya ce a sha.

Abu Nasri bai jira ba. Ya san haƙuri aka zo bayarwa, 'yarsa ta gaya masa. Ga manyan mutane sun cika masa falo, ga maƙwabta na leƙe. Ya miƙe tsaye.

"Wallahi gahawa ba za ta huce a gidana ba. Ku sha, Alhaji. Duk abin da ya kawo ku an ba ku, ko da wuyan 'ya'yana ne."

Na ji Maisun ta ja numfashi a kusa da ni.

Alhaji ya ɗauki finjalin ya shanye. Aka zagaya da sauran. Sai da kowa ya sha sannan ya gyara murya.

"Allah ya ƙara wa gidan nan arziki, Abu Nasri. Abu biyu ne. Na farko, ɗan'uwanmu Abu Haisam harshensa ya zame a kan 'yarmu, ga shi ya zo da ƙafarsa." Abu Haisam ya tashi ya sumbaci kan tsohon, tsohon na ture shi yana cewa subhanallahi, ai babu komai. "Na biyu, don kar shaiɗan ya sami ƙofar dawowa, muna roƙon 'yarmu ta bar wa babanta Abu Haisam ɗakin nan da ya jawo fitina. Yara ba za su rasa wuri ba, akwai ɗaki a baya."

"Wane ɗaki?" in ji Abu Nasri, yana murmushi yana bin fuskoki da kallo. "Ɗaki kawai? Ai ko gidan nan ne an ba ku. A karanta Fatiha."

Maisun ta yunƙura. Mahaifiyarta ta cafke wuyan hannunta. "Zauna! Ki fita ki ƙaryata ubanki gaban maza? Sai dai ki taka gawata."

"Mama, sake ni."

"Na ce zauna."

Ta juyo gare ni. "Ke fa? Ke ba 'yarsa ba ce. Fita ki gaya musu ba haka aka yi ba."

Na miƙe, na kai har bakin ƙofar. Maza sun ɗaga hannuwa. In na shiga, na shiga ne a matsayin ta Maisun, a falon ubanta, gaban wanda ya kira ni aiki. Daga nan ba wanda zai ƙara zama da ni a matsayin ta tsakiya, maganar kwantena kuma ta mutu ke nan. Gara in gyara a waje, a tsanake. Ina cikin wannan tunanin aka shafa Fatiha.

Na tari Alhaji a bakin motarsa.

"Alhaji, ba haka muka yi ba. Kwantena muka ce."

"Cewa na yi mu gani." Ya buɗe ƙofa. "Malama, ba ke kika ce min ke ba alƙali ba ce, abin da ɓangarori suka yarda da shi shi ne naki? To ga shi sun yarda. An sha gahawa, an yi Fatiha. Ke ma da hannunki a alherin nan, ai ke kika shawo kanta ta karɓe mu."

"Mahaifinta ne ya yarda. Shi ba ma'aikacinka ba ne."

"To je ki gaya masa maganarsa ba magana ba ce. Ga shi can."

Yana can kuwa a bakin ƙofa, yana ɗaga wa motoci hannu, fuskarsa kamar ranar salla.

Abu Haisam ya leƙo ta tagar baya ta motar. "Wallahi 'yata, ni haƙuri na zo bayarwa. Maganar ɗaki Alhaji ne ya ƙara."

"To ka ce ba ka so mana, Kawu."

Ya shiga neman wani abu a aljihunsa har motar ta tashi.

Da na koma ciki na tarar da Maisun tsaye gaban mahaifinta.

"Baba, ɗakin nan ba naka ba ne da za ka bayar. Ba nawa ba ne ma. Na yaran mutane ne."

"Ba nawa ba ne," ya ce, murmushin ya fara gushewa, "amma bakin da ya faɗa nawa ne. Kina so gobe a masallaci a ce Abu Nasri ya shayar da mutane gahawa, 'yarsa ta sa ya janye maganarsa? Me ya rage min a unguwar nan ban da wannan bakin?"

Ta dube shi. Sannan ta sunkuya ta fara tattara finjalai. Ba ta dube ni ba har na tafi.

Ranar Lahadi, wadda a nan ita ce farkon mako, da aka koma aiki, ita da kanta ta kwashe katifun yara ta kai ɗakin baya.

Abin da zan iya yi na yi. Na sa Alhaji ya sayi fanka. Na kawo abin toshe soket daga gidana, na ja katifun nesa da bangon tanderu, na liƙe tagar da leda saboda ƙura. Da aka liƙe sai zafi ya ƙaru, da aka buɗe sai ƙura ta shigo. Na koma wa Alhaji da maganar kwantena, ya ce a bari sai baɗi. Na je wurin Maisun na ce ta kai kuka hukumar ƙwadago, ni zan faɗi abin da na gani da idona.

"In kai ƙarar sulhun da ubana ya ɗaura?" ta ce. "Ki bar ni, Lubna. Ina da aiki."

Ɗan Ihlas ne ya fara tari. Ƙurajen zafi suka feso masa a wuya da baya, numfashinsa ya koma kamar ana hura usur. Likita ya tambaye ta inda yaron ke wuni, da ta gaya masa ya ce ta zaɓa. Sauran matan suka gani. Wata ta koma barin nata wurin maƙwabciya, wata ta zaunar da babbar 'yarta a gida daga makaranta don ta riƙe ƙaramin. Ihlas ba ta da maƙwabciyar da ta sani, ba ta da babbar 'ya.

Na gamu da ita a bakin ƙofar kamfani ranar da ta ajiye aiki, yaron a kafaɗa, a hannunta gwangwanin alawa da Alhaji ke ba duk mai tafiya.

"Malama, ke ce mai sulhun ko? Ana ta yabonki. An ce yanzu har gaisawa suke yi." Ba gatse take min ba, da gaske take.

"Ina za ki yanzu?"

"Gida mana. In ya yi wayo na nemi wani aikin, in akwai." Ta gyara masa hula. "Ke taki 'yar ina kike barin ta?"

"Wurin kakarta."

"Allah ya bar miki ita," ta ce, ta tsallaka titi wajen bas.

Zama na ƙarshe a ofishin Alhaji aka yi shi, mu huɗu. Abu Haisam ya shigo da fara'a, ya ce wa Maisun barka da asuba 'yata, ta amsa. Riɗi na fita a kan lokaci, injuna ba sa tsayawa, Alhaji ya ce rabonsa da kwanciyar hankali irin wannan ya manta.

"Ba na faɗa ba?" in ji Abu Haisam. "Na leƙa ɗakin bayan jiya, ba yaro ko ɗaya, tsohuwar nan na zaune tana gyangyaɗi. Da ma ba wata buƙatarsa ake ba, rigima ce kawai."

"To a sallame ta," in ji Alhaji. "Mu zuba gwangwanaye a wurin."

"Ba rashin buƙata ba ne, Alhaji," na ce. Na ji muryata ta fi yadda nake so ƙarfi. "Zafi ne da ƙura suka kore su. Ɗakin bai dace a ajiye yaro a ciki ba, tun ranar farko na gani."

"Tun ranar farko?" in ji Maisun.

Alhaji ya ɗaga hannu. "Allah ya yi miki albarka, Malama, aikinki ya ƙare lafiya, kar mu tono abin da aka binne. Maisun, me kika ce kan gwangwanayen?"

"Yadda kuka gani."

"Madalla. Af, Malama, surukina na da kamfanin sabulu a Sahab. Shi ma manajansa da wata mata sun sa shi a gaba. Na ba shi lambarki, na ce masa ba ya buƙatar kowa in ba ke ba."

Maisun ta raka ni ƙasa, ban san dalili ba. Muka wuce ta gaban tsohon ɗakin. Ƙofar a buɗe, buhuna sun kai rufi, sun rufe tagogin duka biyu. Na tsaya ina neman abin da zan ce mata. Ta riga ni.

"In kin je kamfanin sabulun," ta ce, "kafin ki fara komai, ki tambaya ko matar tana da uba."